Tambayoyin Masu Karatu: Bekta ko Bitmaf, Wace Manhaja Zan Fara Koya Don Tsara Shafin Intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, na fara koyon tsara shafukan intanet, kuma na ɗan kama HTML da CSS. Yanzu na iso kan zane, kaina ya ɗaure. Wani ya ce in rungumi Photoshop, ita ce uwar tafiya. Wani kuma ya ce ɓata lokaci ne, in koyi Illustrator ko Inkscape. Kwamfutata ba ta da ƙarfi sosai, lokacina ma bai isa in koyi duka a tare ba. Abin da ya sa na rubuto shi ne, na yi wa ƙungiyarmu tambari a Photoshop, a kwamfutata ya fito tas, amma da aka buɗe shafin a waya sai gefen haruffan ya yi dishi-dishi. Me ya sami tambarin nan, kuma wacce zan zaɓa?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da tambarin, domin in ka gane abin da ya same shi, zaɓen manhaja ba zai ƙara ba ka wahala ba.

Photoshop manhajar bitmaf ce. Hoton bitmaf kuwa ƙananan ɗigo-ɗigo ne jere layi-layi, waɗanda ake kira fiksel, kowane ɗaya yana riƙe da launi guda tak. Hoton da faɗinsa ya kai fiksel 1920, tsayinsa 1080, yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kuma kowane ɗigo ana rubuta masa adadin ja da kore da shuɗin da ke cikinsa. Iyakar abin da fayil ɗin ya sani ke nan. Bai san akwai harafi a ciki ba, bai san akwai da'ira ba. Ɗigo kawai ya sani.

To a ce ka yi tambarinka da faɗin fiksel 300, ka kuma ba shi gurbin fiksel 300 a shafi. A kan kwamfutarka, ɗigo ɗaya na hoton ya hau ɗigo ɗaya na allo, sai ya fito garau. Waya ba haka take ba. Tun da iPhone 4 ta fito a 2010 da allo mai ɗigo 960 da 640, wato ninkin na wadda ta gabace ta ta kowane gefe amma girman allon bai canza ba, masu ƙera waya suka shiga cusa ɗigo masu yawa a ɗan ƙaramin wuri. A yau yawancin wayoyi suna sa ɗigo biyu ko uku a faɗin abin da CSS ke ƙirgawa fiksel ɗaya. Gurbin nan naka na 300 ya zama 600 ko 900 ke nan. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafin intanet da ita, ba ta da inda za ta samo ragowar, sai ta ƙirƙiro su: ta dubi ɗigon hagu baƙi, ta dubi na dama fari, ta cike tsakani da ruwan toka. Wannan ruwan tokar shi ne dishi-dishin da ka gani. Hannunka lafiya lau, kwamfutarka ma ba ta yi laifi ba.

Bekta kuwa, wadda Illustrator da Inkscape ke aiki da ita, umarnin yadda za a zana abu take ajiyewa, ba ɗigo ba. Ina so ka gwada wani abu yau ɗin nan, ba sai ka sauke wata manhaja ba. Samo ƙaramin fayil na SVG, wanda shi ne nau'in bekta da burauza ke karantawa, ka buɗe shi da Notepad. Rubutu za ka tarar. In akwai da'ira a zanen, kana iya cin karo da layi mai cewa circle cx="50" cy="50" r="40" fill="green". Ma'anarsa a yi da'ira, cibiyarta a nan, daga cibiya zuwa gefe 40, a cika ta da kore. Goge 40 ka sa 45, goge green ka sa red, ka adana, ka buɗe a burauza. Da'irar ta ƙara girma, ta koma ja. Duk lokacin da aka buɗe shafin, burauza ce ke zana ta sabuwa ful daidai da ɗigon allon da ke gabanta, ko na waya ne ko na talabijin. Bitmaf kamar riga ce ɗinkakkiya, in ta yi wa mutum kaɗan sai dai a ja ta. Bekta kuwa fasalin ɗinkin ne a hannun tela, kowa ya zo a yanka masa daidai jikinsa.

Layukan da ke lanƙwasa su ma lissafi ne. Ana kiransu da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da su a shekarun 1960 wajen tsara jikin mota. Wani masanin lissafi, Paul de Casteljau, ya riga shi aiki a kansu a kamfanin Citroën. Kowane layi yana da gaɓoɓi, kowace gaɓa tana da hannaye biyu da ake ja don a juya lanƙwasar. Duk manhajar bekta da ka buɗe, waɗannan gaɓoɓi da hannayen za ka tarar.

Ga yadda ni nake raba aiki. Abin da kyamara ta ɗauko, bitmaf ne, kuma a haka zai zauna. Fuskar mutum ko ganyen bishiya suna da sauyin launi iri-iri a kowane ɗan taƙi, babu layin da za ka ce nan kunci ya ƙare, nan inuwa ta fara. Abin da hannu ya tsara kuwa, mai tsaftataccen gefe da launuka kaɗan, irin su tambari da ƙananan alamomi da taswira da jadawalin alƙaluma, bekta ne. Sai wani abu da nake so ka riƙe da kyau: daga bekta zuwa bitmaf danna maɓalli ɗaya ne, ka fitar da PNG, wanda nau'in fayil ɗin bitmaf ne, kowane girma kake so. Daga bitmaf zuwa bekta kuwa sake zane ne. Gaskiya ne Inkscape tana da Trace Bitmap, wanda ke aiki da wani shiri mai suna Potrace, Illustrator ma tana da Image Trace. Suna taimakawa in zanen baƙi da fari ne, babba, mai tsafta. Amma ka ba su ɗan tambarin nan mai fiksel 300 ka ga yadda haruffa za su fito a karkace, gefensu na rawa, da gaɓoɓi barkatai waɗanda gyaransu ya fi sabon zane cin lokaci.

Saboda haka amsata kai tsaye ita ce ka fara da bekta.

Wanda ya ce maka Photoshop ce uwar tafiya ba ƙarya ya yi ba, zamaninsa ya faɗa maka. Photoshop ta fito a 1990, kuma shekaru masu yawa da ita ake zana shafi sukutum, sannan a yayyanka shi gunduwa-gunduwa a jera a HTML. Dole ce ta sa. A lokacin in kana son maɓalli mai zagayayyen kusurwa ko inuwa a ƙarƙashin akwati, sai ka yi hotonsa, domin CSS ba ta iya ba tukuna. SVG kanta hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da ita tun 2001, amma Internet Explorer, wadda ita ce ke hannun mafi yawan mutane a wancan lokaci, ba ta fara nuna ta da kanta ba sai a sigarta ta 9 a 2011. Akwai wata manhaja da na so ƙwarai, Fireworks, wadda kamfanin Macromedia ya fitar a 1998 musamman don aikin intanet, ta haɗa bekta da bitmaf a wuri guda. Adobe ya sayi Macromedia a 2005, ya kuma daina ciyar da Fireworks gaba a 2013. Kafin nan ma duniya ta juya. A 2010 Ethan Marcotte ya yi rubutun da ya yaɗa tunanin shafi guda mai miƙewa da takurewa gwargwadon allo, a shekarar kuma manhajar tsara shafi ta Sketch ta fito, Figma ta biyo baya a 2016, dukansu biyun a kan bekta aka gina su. Shafin da zai canza fasali daga waya zuwa kwamfuta ba ya zanuwa da kyau a matsayin hoto guda mai ƙayyadadden faɗi.

Buɗe duk shafin da ya burge ka, ka ƙirga abin da ke cikinsa. Rubutu aikin HTML ne. Maɓallai da akwatuna da inuwa da launi mai narkewa cikin wani, duk CSS ke yin su yanzu, ga shi ka fara iya ta. Tambari da alamomi SVG ne. Abin da ya rage wa bitmaf shi ne hotunan kyamara, kuma aikin da mai tsara shafi ke yi musu bai taka kara ya karya ba: ya yanke gefe, ya rage girma, ya gyara haske, wani lokaci ya cire bango, ya fitar. Wannan za ka koye shi cikin ɗan lokaci a GIMP, wadda kyauta ce tun asalinta a 1995, ko a Photopea da ke aiki cikin burauza har tana buɗe fayilolin Photoshop. In wata rana ka koma gyaran hotuna a matsayin sana'a, to a sannan Photoshop za ta cancanci watannin da za ka ba ta.

Cikin manhajojin bekta, da ni ne kai Inkscape zan ɗauka. Kyauta ce, tana nan tun 2003, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma SVG shi ne ainihin nau'in fayil ɗinta, abin da ka zana shi ne abin da burauza za ta karanta. Ƙaramar kwamfuta na iya ɗaukarta, muddin ba ka cika zanen da hazo da dubban gaɓoɓi ba, don a nan ne take fara nauyi. In za ka fitar da aiki don shafi, zaɓi Plain SVG ko Optimized SVG, saboda a zubar da bayanan da manhajar ke ajiye wa kanta. Illustrator, wadda ta fito tun 1987, ta fi ta santsi a wurare da dama, kuma kamfanonin zane da yawa da ita suke aiki, sai dai tun 2013 Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Don tsara fasalin shafin kansa, wato ina kai zai zauna, ina hoto, ina maɓalli, Figma ta fi dacewa, amma tana son intanet mai ɗorewa. Wanda kuma ya riga ya iya CorelDRAW daga aikin ɗab'i, kada ya ɗauka ya yi asara, ita ma bekta ce tun 1989, tana fitar da SVG. Abin lura kawai ya mayar da launukansa daga CMYK na tawada zuwa RGB na allo, in ba haka ba koren da ya zaɓa ba shi zai gani a waya ba.

Ko wacce ka ɗauka, alƙalamin zana layi shi ne wurin da za ka yi gumi, kuma shi ne ilimin da zai bi ka duk manhajar da ka koma. Ɗora babban harafin O a ƙasa, ka bi gefensa na waje da gaɓoɓi huɗu kacal: sama, ƙasa, hagu, dama. Sauran aikin na hannayen ne. Mai koyo yakan yi ta dasa gaɓa duk inda layi ya ɗan kauce, ya ƙare da ashirin, zanen kuma ya fito da ƙusoshi-ƙusoshi. In O ya faɗa hannunka, koma kan S. Ranar da S ya fito maka sumul, sake zana tambarin ƙungiyarku ba zai gagare ka ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu masu rubutu da Hausa. In ka bar rubutun tambari a matsayin rubutu cikin SVG, wayar mai karatu za ta nemi salon haruffan da ka yi amfani da shi, in ba ta samu ba ta sa wani. Salo da yawa kuma ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai ka ga kalma ta tafi daidai, ƙ ɗin tsakiyarta ya fito da wata siffa dabam, ko ma ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Maganinsa ka mayar da haruffan tambarin layuka kafin ka fitar. A Inkscape sunan umarnin Object to Path, a Illustrator kuma Create Outlines. Amma ka ajiye kwafi ɗaya mai rubutu na ainihi, domin da zarar harafi ya zama layi ba ya gyaruwa da madannai. Wannan dabara ta tambari ce kaɗai. Rubutun cikin shafi kada ka kuskura ka mayar da shi hoto, ko bekta ko bitmaf. Manhajar da ke karanta wa makafi allo ba za ta iya karanta shi ba, injin bincike ma zai wuce shi. Zaɓi salon da ke da haruffanmu, irin Noto Sans ko Andika, ka bar rubutu a rubutunsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ke kula da shafin wata makaranta, muna yawan sa hotunan taro da na ɗalibai, shafin kuma yana jinkirin buɗewa, iyaye suna ƙorafin yana cinye musu data. An ce mini in mayar da hotunan SVG saboda ya fi sauƙi. Haka ne?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai Malama. A'a, kada ki yi. SVG yana da sauƙi ne idan abin da ke ciki 'yan layuka ne. Shafukan da ke cewa za su mayar miki da hoton kyamara SVG, ɗayan biyu suke yi. Ko su bi hoton da dubban layuka, fuskokin yara su fito kamar an shafa musu fenti, fayil ɗin kuma sau da yawa ya fi na asali nauyi. Ko kuma su ɗauki hoton yadda yake su naɗe shi cikin SVG ta hanyar mayar da shi haruffa, abin da ke ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Sunan fayil ya canza, ɗigon suna nan yadda suke.

Na fi zargin girman hotunan. Wayar da ke ɗaukar hoto mai megafiksel 12 tana ba ki faɗin fiksel kusan 4000 da tsayin 3000. In gurbin hoto a shafinki 800 ne, ko an ninka shi saboda allon waya, 1600 ya wadatar. In kika ɗora na 4000 kai tsaye, kowace uwa sai ta sauke ɗigo miliyan 12 kafin burauza ta matse su ta nuna mata kaɗan daga ciki. Hoton 1600 da 1200 bai kai ɗigo miliyan 2 ba. Ki rage girman tukuna, sannan ki fitar da shi JPEG da inganci tsakanin 75 da 85, ido ba zai ga bambanci ba. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan fi JPEG sauƙi a inganci iri ɗaya, kuma duk manyan burauzoji suna nuna shi tun da Safari ta karɓe shi a 2020. PNG ki bar shi wa hoton allo da abin da ke buƙatar bango marar launi. Ba ya zubar da komai in yana matsewa, shi ya sa hoton taro a PNG yake yin nauyin gaske.

Abu biyu kuma. JPEG yana matse hoto ne a ƙananan murabba'ai na ɗigo 8 da 8, yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Don haka ki killace na asali a wuri guda, kullum daga gare shi za ki fitar da sabo. In malamai ne ke turo miki hotunan ta WhatsApp, ki roƙe su su turo a matsayin takarda, don in sun turo a matsayin hoto an riga an matse shi kafin ya iso gare ki. Na biyu, za ki ji ana cewa dole hoton intanet ya zama 72 DPI, wato ɗigo 72 a kowane inci. Ki ƙyale wannan magana. Adadin nan na injin buga takarda ne, burauza yawan fiksel take dubawa. In kuma akwai mai taimaka miki da HTML, ki ce ya duba srcset, wanda ke ba burauza damar zaɓar ƙaramin hoto ga waya, babba ga kwamfuta.

TAMBAYA: Na zana tambari a Inkscape, amma WordPress, manhajar da nake gina shafina da ita, ya ƙi karɓar fayil ɗin SVG. Fayil ɗin ne ya lalace?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Bai lalace ba ɗan'uwa, da gangan WordPress ke ƙin sa. Tunda SVG rubutu ne, mugu na iya ɓoye umarnin JavaScript a cikinsa, wato umarnin da burauza ke aiwatarwa, shi ya sa ba a buɗe wa kowa ƙofar ba. Akwai ƙarin manhajoji irin Safe SVG da ke tace fayil kafin su karɓa. Sa irin wannan, ka taƙaita izinin ɗorawa ga masu kula da shafin, kuma kada ka ɗora SVG ɗin da ka tsinto ba ka buɗe ka ga abin da ke cikinsa ba. Sannan ka fitar da kwafin PNG na tambarin ka ajiye kusa, za ka buƙace shi. Hoton da ke bayyana in an raba adireshin shafinka a Facebook ba ya yiwuwa da SVG, Gmail ma ba ya nuna SVG a cikin wasiƙa. Na rabawa a Facebook ka yi shi faɗin 1200 da tsayin 630, ka sa tambarin a tsakiya da sarari a gefe, saboda wasu manhajojin suna yanke hoton ya koma murabba'i.